Kwana Uku Ba Goro

Jibirilu tela ya ƙara tamke tsumman da ya ɗaure kansa da shi, ya taka keken ɗinki sau biyu, ya tsaya. Duk saukar allura sai ya ji ta a bayan idonsa na dama. Kwana uku ke nan. Ya haɗiyi ƙwayar da ya sayo a wani kantin magani a unguwar Adabraka, ya shafa man zafi har goshinsa na ƙyalli, ya kwanta a ɗaki mai duhu da jiƙaƙƙen ƙyalle a fuska. Ciwon kan lafa awa guda, ya dawo kamar wanda ya manta hularsa.

Shi dai ya san mafarin abin. Ran Litinin, a rumfar Lauwali mai goro da ke bakin lambatun unguwarsu ta Nima, ana kallon hoton da Jibirilu ya ɗauka don aika wa gida, Lauwali ya ce da ya rufe baki, don haƙoran nan ko a hoto baƙi da fari ana ganin jansu. Aka yi dariya. Jibirilu ya tofar da goron bakinsa, ya rantse shi da goro har abada. Da ya juya, Lauwali ya ce, "Za ka dawo, Dogo." Washegari kai ya fara. Mutumin da kuka hau mota ɗaya daga Dosso shekara ashirin da suka wuce ya san sunan mahaifiyarka, mai sammu kuwa ba ya buƙatar fiye da haka.

Matarsa Sanatu ta ce wanda ya saba tauna goro goma a yini, ya yanke rana ɗaya, dole kansa ya kai ƙara. Ya ci ɓari, ya sha ruwa sosai, ya riƙa ragewa a hankali. Jibirilu ya dube ta, ya tuna famfo ɗaya suke bi da matar Lauwali. Ya sa ta cikin waɗanda ake zargi.

Bayan la'asar ya tafi zauren mai unguwa, ya nemi a kira Lauwali. Ya san in kalmar sammu ta fita gaban shaidu, ba wanda zai ƙara sa goron rumfar nan a baki, Lauwali sai dai ya tattara ya koma Dosso. Wannan ya ɗan dame shi, amma ba kamar kan ba.

Lauwali ya zo ya zauna, ba ko alamar tsoro, abin da Jibirilu ya ɗauka hujja ce. Mai unguwa ya fasa goro kamar yadda yake yi kafin kowace magana, ya miƙo ɓari. Jibirilu ya ce yana da rantsuwa.

"Rantsuwa tana da kaffara, Malam Jibirilu," in ji tsohon. "Hannuna ya gaji."

Ya karɓa. Akwai shari'a gabansu, ta wasu maƙwabta da akuyar da ta ci dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, aka ɗauki fiye da rabin awa ana neman wanda ya bar ƙofa buɗe. Jibirilu na tauna. Can ya lura tsumman ya dame shi, ya kwance. Ya juya wuya hagu da dama, ya laluba bayan idon nan. Ba kowa, ciwon ya kama gabansa.

"To, me ke tafe da kai?"

Jibirilu ya dubi Lauwali, ya dubi tabarma. Ya ce gaisuwa ce kawai, ya ga an kwana biyu ba su zo tare sun gaida baba ba. Mai unguwa ya sa musu albarka.

A bakin ƙofa, yana neman takalminsa, ya tambayi tsohon a hankali inda yake sayen goronsa.

"Wajen wa kuwa? Ga shi nan bayanka."

Jibirilu ya gyaɗa kai. Dama ya sani: wanda ya ɗaura ciwo, a hannunsa makari yake. Ya bi Lauwali rumfa, ya zaɓi guda biyu da kansa, daga can ƙasan kwando.