Kazar Malam Mainasara

Duk Yako an san Tasalla mai kiɗan ƙwarya, an kuma san mijinta Malam Mainasara maɗori, wanda har daga Doguwa ake kawo masa masu karaya. To, ana saura wata biyu bikin autarsu, sai santsin bakin rijiya ya kwashe Tasalla, ta dafa ƙasa, wuyan hannun dama ya ce ƙas.

Malam ya ɗaure hannun da kara da tsumma, ya yi tofi, ya karya ƙafar kaza ita ma ya ɗaure, kamar yadda ya gada. Ranar da kaza ta taka, ranar hannu ya warke.

Kwana biyar hannu sai kumbura yake. Tasalla ta ga in ta zauna jiran kaza, ita da kiɗa sai a lahira. In kuma ta ambaci asibiti, ta zubar wa Malam mutunci a gari. Sai ta ce za ta Kano dubo ƙanwarta Laraba, wadda lafiyarta ƙalau, har da ƙiba.

Laraba ta kai ta asibiti. Likita ya ɗauki hoto, ya ce ƙashin gaɓar ya farfashe ya bar rami a ciki, kara kuwa ba ya cike rami. Bai tsaga hannun ba. 'Yar ƙofa ya huda da ba ta fi ƙwayar wake ba, ya daidaita ƙashin, ya ɗura wani farin kwaɓi da suke kira simintin ƙashi, ya daskare a ciki. Ɗinki biyu kacal.

Da ta samu sauƙi, Laraba ta mayar mata da karan Malam, Tasalla ta hau mota ta koma gida.

Yatsu suka fara motsi, amma kaza na nan tana ɗingishi a tsakar gida kamar mai ba da shaida. Tasalla ta ba ta tsaki, ta lallashe ta, ta zage ta, a banza. Ran kasuwar Dangora ta sayo wata mai kama da ita sak, ta ɗaura mata tsumma, gurguwar kuma ta faɗa tukunyar maƙwabta.

Ranar kwance ɗauri Malam ya shafa hannun, babban yatsansa ya tsaya a kan tabon ɗinki. Ya daɗe yana kallon kaza tana tsalle da tsumma a ƙafar hagu.

"Ikon Allah, Tasalla. Ƙafar dama na karya, ga shi ta hagu ce ta warke."

"Malam, ai tofinka ne ya yi yawa."

Ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya ce ta ɗauko ƙwaryar ya ji aikin tofin nasa.

Ran biki Tasalla ta yi kiɗa har la'asar, mata suka kwashi rawa. Tun daga nan, in aka kawo wa Malam karayar wuyan hannu, sai ya lalluba, in ya ji ƙashi ya farfashe, ya rage murya ya ce, "Wannan kam, sai dai ku je Kano ku dubo Laraba."