Rumman Ashirin a Gindin Taftan

Shekara arba'in ke nan da aka kawo Granaz amarya ƙauyen nan, Dutsen Taftan yana hayaƙinsa, ita kuma tana shanyarta a gindinsa. Warin ruɓaɓɓen ƙwai da iska kan sauko da shi ma tuni hancinta ya daina ji. Amma ranar Talatar nan hayaƙin ya yi kauri, makiyaya suka gangaro a guje suna rantsuwa wuta na malalowa daga ƙoli. Kafin la'asar rabin ƙauyen ya ɗaure kaya.

Washegari da sassafe sai ga ɗanta Sabzal, direban babbar mota a garin Khash, ya tokare mata ƙofa da motarsa.

"Inna, ɗauko mayafinki mu tafi. Malaman jami'a sun ce dutsen nan bai mutu ba. Wai ma yaro ne a cikin duwatsu."

"Yaro? Kakata ma da furfurar ƙanƙara ta same shi."

"Ba wasa nake ba, Inna."

Ta san ba wasa yake ba. Sai dai akwai dashen rumman ashirin da mijinta ya yi wata uku kafin rasuwarsa, ruwan kwatar ban-ruwa ta ƙauye kuma ranar Alhamis kaɗai yake zagayowa kan lambunta. A zafin nan, in suka rasa Alhamis biyu sun bushe. Su kaɗai suka rage mata daga hannunsa masu rai, tana kuwa son su kamar me.

"To ji," in ji ta. "Ɗaura wa jaki akumari mu je mu ga wutar da idonmu. In dutse ne ya narke, da ƙafata zan shiga motarka."

Sabzal ya yi ta mita, amma ya ɗaura. Suka yi ta hawa har rana ta take tsaka, ita a kan jaki, shi a ƙasa yana haki, ga tumbin zaman mota.

"Ubanka da buhu a baya yake hawa nan, yana waƙa."

"Shi ya sa gwiwarsa ta ƙare da wuri."

A bakin wani kwazazzabo suka tarar da abin. Ya malalo ya tsaya, ya daskare, launinsa rawaya, jikinsa na fitar da ɗan tururi. Granaz ta sauko, ta toshe hanci da mayafi, ta ɓantari gefensa da dutse ta murje a tafin hannu. Sai ta fashe da dariya har da tari.

"Farar wuta ce, ɗan nan! Wadda ubanka ke kawowa muna kwaɓa wa awaki in sun yi ƙazuwa. Ya sha gaya mini in zafi ya yi yawa takan narke ta gudana kamar man shanu. Waɗancan ragwayen makiyayan daga nesa suka hango, suka zubar da sanda."

Sabzal bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon ƙolin, inda hayaƙi ke ta fita abinsa.

"Yau farar wuta ce. Gobe fa? Bara na binne Baba, Inna. Tsoro nake ji."

Ba ta taɓa jin ya faɗi haka ba.

"Zan ɗaure ƙunshi in ajiye a bayan ƙofa," ta ce. "Ranar da ƙasa ta motsa, ko ruwan kwata ya ɗumama, ba sai ka roƙe ni ba. Amma gobe Alhamis."

Suka sauko da rawaninsa cike da farar wuta, tana ta lissafo maƙwabtan da awakinsu ke susa.

Da gari ya waye ta fito za ta tare ruwa, sai ta tarar an riga ta. Sabzal ne tsaye a cikin kwata, ya naɗe wando har gwiwa, shebur ɗin ubansa a hannu, ruwa na bin dashen ɗaya bayan ɗaya.

"Ba haka ake riƙewa ba," in ji ta.

"To zo ki nuna mini yadda Baba yake yi."