Mai Ganin Watan Bauranya

A Bauranya ba a cewa wata ya tsaya sai Labaran ya ce ya gani. Ko gari duka ya hango jinjirin watan azumi, maigari ba ya aikawa wurin hakimi a Kankiya sai ya ji daga bakinsa. Ido ɗaya gare shi, agana ta cinye ɗayan tun yana yaro, kuma da wannan guda ɗin ya ci sunansa.

To, a shekarun da kuɗin fetur suka cika hanyar Kano da motoci, idon nan ya fara yi masa hazo. Bara wani manomi a ƙauyen Boko ya riga shi gani, abin ya tsaya masa a rai. Sodangi, ɗan ƙanwarsa mai tuƙa bas, ya samo masa tsohon madubin hangen nesa mai ƙafa uku. Labaran ya kafa ido, sai dishi-dishi, don ɗan gilashin da ake leƙawa duk ya karce.

"Wanga ai ya fi ni makanta," in ji shi.

Sodangi ya dawo daga Kano da sabon gilashi, ya murɗe tsohon ya ɗaura shi. "Kawu, gwada shi yanzu."

Kai! Daga ƙofar gida Labaran ya ƙirga ƙahonin shanun da ke kiwo can bakin rafi. Dattijo da furfura ya dinga dariya kamar an ba shi sabuwar riga. Ni dai ina jin tausayinsa, don daɗin nan ne ya ja shi. Ya ƙudura bana zai kamo watan tun rana ba ta faɗi ba, kafin mutanen Boko su ko ɗaga kai.

Ran duban wata, da la'asar sakaliya, ya kafa madubin bayan gari yana sharar yamma da shi. Sabon gilashin yana kawo abu kusa, amma ɗan wuri kaɗan yake nunawa, mutum bai san abin da ke gefe ba. Ya ɗan karkata shi hagu, sai rana ta faɗo ciki gaba ɗayanta. Ko zafi bai ji sosai ba. Ya ja da baya yana murza ido, duk inda ya duba wani baƙin tabo na zaune a tsakiya.

Bayan magariba watan ya fito tas, har mata a tsakar gida suna nuna shi. Jama'a suka kewaye Labaran suna jira, maigari ya ce, "Malam, mi ka gani?"

Labaran ya ɗaga kai, ya kafe fuskarsa wajen da babu komai. Sodangi ya matso kamar zai gyara masa hula, ya juya masa kai a hankali zuwa inda watan yake.

"Ya tsaya," in ji Labaran. "Ku aika Kankiya."