Motar Mai Zanen Ɗawisu

Duk Tudun Wada an san Hajiya Delu mai hatsi da abu biyu: mudunta cike yake, bakinta kuma ba ya riƙe magana. Labarin da ya shiga kunnenta da safe, kafin azahar ya gama zaga kasuwar Gusau. To balle da aka ce ana yin fim a kan aikin 'yarta Salma. Ko gero rabin mudu ka zo saye sai ka ji.

Salma 'yar jarida ce. Daminar bara ta tona asirin wani attajiri da ke cuɗa takin zamani da yashi yana sayar wa manoman Nahuce da 'Yandoto. Ta bi gonaki ta ga masarar da ta ƙi tashi, ta kai takin aka gwada, ta nemi attajirin ya faɗi ta bakinsa ya ƙi. Wani direba cikin masu yi masa jigila ne ya fara tsegunta mata, ita kuma ta yi masa alkawarin ba mai jin sunansa. Har yanzu attajirin yana cigiyarsa, ya kuma rantse in ya gano shi ba zai ƙara samun lodi a Bungudu ba, in ma abin ya tsaya nan.

Da Muktar, daraktan fim ɗin, ya gayyace su kallo kafin a sake shi, Hajiya ta ci leshinta na biki. Yarinyar da ta fito a matsayin Salma sai gudu take tana buga teburin mutane tana musu tsawa. Hajiya ta ji daɗin wannan ƙwarai, Salma kuwa sai sunkuyar da kai take. Can a cikin fim ɗin sai ga direba a gaban wata babbar mota koriya mai zanen ɗawisu a ƙofarta, yana raɗa wa 'yar jarida sirrin taki.

Salma ta ce, "Malam Muktar, tsaya. Ina ka samo wagga mota?"

Ya ce a tashar Bungudu ya ɗauko ta haya, don ta fi sauran kyau, kuma hanyar Nahuce take bi, abin zai fi kama da gaske. Ai ya canza wa direban suna da gari.

Ta ce, "A tasha ba a kiran direba da suna nai, da zanen mota tai ake kiransa. Duk wanda ya ga ɗawisun nan ya san mai shi."

Muktar ya gyara zama, idonsa ya yi haske. "Wato shi ne ya ba ki labarin?"

"Ban ce shi ne ba, ban ce ba shi ba ne. Ko motar wa ka sa, mai ita za a kama. A cire."

Ya yi lallashi, ya yi ƙorafin wahalar sake ɗauka. Daga ƙarshe ya fusata ya ce zai cire, amma sunanta ma sai ya fita daga fim ɗin, tunda ta iya koya masa aiki. Salma ta ce ta yarda, ta ɗauki jakarta.

Hajiya ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Da wane ido za ta kalli matan kasuwa? A cikin keke napep ta sauke wa Salma kwandon faɗa, sannan ta rage murya ta ce, "To ni uwarki, gaya mini, shi ne?"

"Inna, alkawari ne."

"Ni ma?"

"Ke ma, Inna."

Ranar ko tuwon dare ba su ci tare ba. Fim ya fito da wata farar mota mara zane, babu sunan Salma ko'ina, matan kasuwa kuma suka yi ta tsokanar Hajiya suna tambayar inda aka ɓoye 'yar tata.

Bayan kaka Hajiya ta je Bungudu saro dawa. Tana neman motar da za ta kai mata buhuna Gusau sai ga ɗawisun nan a ƙofar koriyar mota. Direban wani dattijo ne siriri, ana ce da shi Umaru, 'yan kamasho suna ta cika masa kaya. Da ya ji an kira ta Hajiya Delu ta Tudun Wada, sai ya sauko da kansa ya ɗora mata buhunan. Ya duba hagu ya duba dama, ya ce a hankali, "Hajiya, ki gaida ɗiyarki. Ki ce mata iyalina suna cin abinci."

Hajiya ta tsaya tana kallonsa. Wani daɗi ya cika mata zuciya har idonta ya kawo ruwa, don ko a allon fim ba ta taɓa jin alfahari da 'yarta haka ba. Ga kuma labari mai zafi, irin wanda rabonta da samu an daɗe.

Lami, maƙwabciyarta a rumfa, wadda suka zo tare, ta matso ta taɓa ta. "Mi yac ce maki, na ga kina share ido?"

Harshen Hajiya ya yi ƙaiƙayi. Ta dubi ɗawisun, ta dubi Lami, ta ja mayafinta.

"Cewa ya yi hanyar Gusau da gargada, in riƙe buhuna da kyau."