Gurbi Ɗaya a Gefen Zubaida

Shekarar da maƙabartar Taba ta cika, aka ɗora wa Zulkifilu, ɗan garin da ya karanto zanen gine-gine a Zariya, aikin tsara ƙarin fili. Ya zo da takarda mai faɗin tabarma: layuka a miƙe, darbejiya duk bayan taku ashirin, har da rumfar da masu rakiyar gawa za su fake. Kowa ya yaba. Sai dai masu haƙa suka ce ba za su sa diga a sabon wuri ba sai tsohon ya cika, kuma a tsohon saura gurbi ɗaya tak, a gefen kabarin Zubaida, matar Malam Ya'u mai rake.

Shekara uku Malam Ya'u yana yi wa gurbin nan kallon nasa. Ya je ya sami Zulkifilu.

"Ɗana, ba ka ɗan ja layi a kansa, ka rubuta an kama?"

"Baba, ni sabon wuri aka ba ni. Ga layin farko nan, inuwa safe da yamma. Zaɓi."

"Da wa zan kwanta a can? Da takardarka?"

Liman ma ya ce a garin nan ba a kama wa mai rai wuri, wanda ya riga mutuwa shi ke da shi.

To, Malam Ya'u ko ciwon kai ba ya yi. Hanya ɗaya ta rage masa: kada kowa ya mutu a Taba kafin shi. Da ya ji tari a bayan katanga sai ya yi sallama. Ya cike tsohuwar rijiyar bakin kasuwa. Ya riƙa tare 'yan acaɓa yana yi musu wa'azi a kan gudu. Ranar da wani makiyayi da wani manomi suka ɗaga sanduna, ya faɗa tsakaninsu da fatan ɗaya ta sauka a kansa, amma duk suka ji kunyar furfurarsa suka sauke.

Wanda ya fi ba shi wahala shi ne Lawal, abokinsa tun na ƙuruciya, mai fama da ciwon ƙirji.

"Tashi ka sha, tsohon banza."

"Kai Ya'u, shekara sittin ko gaɓar rake ba ka taɓa ba ni ba. Yau kai ne da kunun gyaɗa?"

"Sha dai."

"Na san abin da kake gadi. Ka matsa mini in mutu da gangan."

"Mutu ka gani!"

Mutane suka fara cewa bawan Allah ne, abin kuma ya dame shi. An ce aiki da niyya yake, tasa niyyar kuwa rami ce. Amma wanda aka kai asibiti ya warke, ina ruwan jikinsa da niyyar wanda ya kai shi? Ya kasa gane a wace kafaɗa ake rubuta masa.

Da damina ta yi tsaka, zazzaɓi ya kayar da shi. Ya yi murna, ya yanke farce, ya yafe wa kowa, ya sa sakata. Garin da ya yi wata bakwai yana jinyarsa kuwa bai yarda ba. Suka ɓalle ƙofar, suka ɗora shi a babur tsakanin mutum biyu sai asibiti a Hunkuyi.

"Ku bar ni, don Allah! Lokacina ne!"

"Zafin zazzaɓi ne, riƙe shi da kyau."

Makiyayin nan ne ya ba da jini. Kwana tara aka sallamo shi garau.

A hanyar dawowa ya hango sabuwar ƙasa a gefen Zubaida, an rufe ta da ƙaya. Lawal ne, tun kwana biyar da suka wuce.

Ya je yi wa Suwaiba matar Lawal gaisuwa, tana daga bayan labule.

"Ya haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'aiki. Ya bar maka sallahu, Malam. Ya ce kada ka damu, zai gaishe ta."

Malam Ya'u ya rasa ko zagi zai yi ko addu'a. Can sai Suwaiba ta yi tari mai nauyi, har sau uku.

"Tun yaushe kike wannan tarin?"

"Haba Malam, ai yanzu ba ka da abin gadi."

"Na sani," in ji shi cikin fushi. Ya lalubo takalmansa. "Kada ki sha ruwan sanyi kafin in dawo."