Bokiti Uku a Kan Tamfol

Sada ya ɗaga bokitin farko ya sheƙa ruwan a kan tamfol ɗin, sannan ya zura kai ciki yana neman ɗigo. Babu ko ɗaya.

Karafan Misirawa ke kiransa: ɗaki ne mai tayoyi da mota ke ja, jikinsa ƙarfe, amma gabansa da bayansa ana buɗe su su zama gadaje biyu a ƙarƙashin tamfol. Shekara huɗu yana ajiye a wannan garejin na bayan Giza, tun rasuwar mijin Madam Nada, mai shi. Yanzu ta sa shi a kasuwa, Alhaji Abdurrahim kuwa ya ga hotonsa daga Kaduna, yana so a aiko masa da shi ta jirgin ruwa ya kai gonarsa ta Kaciya. Umarninsa ga Sada ɗaya ne: “Alƙahira ba ta san damina ba. Ka zuba masa ruwa. In ya yi yoyo, rabu da shi.”

Aikin Sada ke nan. Karatu ya kawo shi shekara goma sha tara da suka wuce, bai ƙarasa ba, bai kuma koma gida ba. Yana raka marasa lafiya asibiti, yana tafinta, yana duba wa ’yan kasuwa kaya. Ba shi da wani jari sai maganarsa. In Sada ya ce abu na da kyau, daga Kano ake turo kuɗi ba a gani ba.

Tun da ya buɗe ƙofar da hantsi ya san akwai matsala. Ya tarar da sallaya a ninke, da buta, da tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da zare. Mai su yana tsaye a bayansa yanzu, riƙe da bokiti na biyu. Baba Isam sunansa, dattijo ne Bahaushen Sudan, yaƙi ya koro shi daga Omdurman. Yana share garejin da rana, Madam Nada kuma ta bar shi yana kwana a ciki don kada ɓeraye su mamaye.

“In an sayar, ina za ka, Baba?”

“Ƙarƙashin gadar can ma mutane ne,” in ji dattijon. “Karɓi, ɗana. Zuba.”

Sada ya karɓa. Wannan karon kan ɗinkin ya auna, inda tamfol ya haɗu da ƙarfe, wurin da kowane tsohon tanti ke fara cin amana. Yana zubawa yana jin wata addu’a a ransa wadda kunya ta hana shi furtawa. Ɗigo ɗaya kawai yake so, ya faɗi gaskiya, ciniki ya mutu, tsoho ya ci gaba da kwana a inda yake.

Ya shafa katifar. A bushe take ƙayau.

Baba Isam ya tuntsire da dariya, haƙoransa uku na gaba babu. “Yalla, zuba kogin Nilu gaba ɗaya! Shekara talatin ina ɗinka wa manyan motoci tamfol. Da na zo, wannan abin rariya ne, kana kwance kana ƙirga taurari. Na warware shi, na sake bi da allura, na goge da kakin zuma. Wata biyar na yi.”

Bokiti na ukun ma haka ya gangare ƙasa, ya jiƙa wa Sada takalma.

Sada ya kifa bokitin ya zauna a kai. Ya sha karanta maganganun malamai a kan ƙaryar da ake yi don a ceci wani, ya sha juya su shi kaɗai a ɗakinsa, kuma a takarda duk da sauƙi suke. Alhaji yana da gidaje. In bai samu wannan ba, zai samu wani kafin Juma’a. Wa aka cuta?

Ya rage murya. “Baba, in na ce masa yana yoyo, khalas, shi ke nan. Ba wanda zai sani.”

Dariyar ta ɗauke daga fuskar dattijon.

“Ɗinkina ne zai yi yoyo?”

“Ba haka nake nufi ba. Don ka samu wurin...”

“Shagona ya ƙone. Gidana wasu ne a ciki. Matata tana ƙasa a Omdurman, ko kabarin ban san halin da yake ciki ba.” Ya ɗora tafin hannu a kan tamfol ɗin da ke sheƙi. “Wannan kaɗai ya rage da zan nuna in ce ni na yi. Shi ma za ka buga waya har Nijeriya ka ce aikin banza ne?”

Sada ya ciro wayarsa ya kira Alhaji.

“Bokiti uku, Alhaji. Ko ɗigo. Ban taɓa ganin ɗinki irinsa ba.”

“Madalla. A ɗauke shi ran Alhamis.”

Baba Isam ya gyaɗa kai kamar wanda aka biya. Ya shiga ciki ya ɗauko wata babbar allura da ragowar kakin, ya naɗe su a tsumma ya sa a durowar da ke ƙarƙashin gadon. “Ka ce masa a goge ɗinkin da kakin duk shekara, kafin ruwan farko.” Daga nan ya fara tattara komatsansa, ko da yake yau Litinin ce. Ba su cika leda ɗaya ba.

Sada yana kallonsa, yana tuna ɗakinsa na unguwar Faisal. Akwai katifa ta biyu jingine da bango tun da abokin zamansa na ƙarshe ya karɓi takardar shaidar kammala karatu ya koma Katsina, shekara shida ke nan. Ya saba da shirun nan har ya daina sanin ko yana sonsa ne ko tsoron rabuwa da shi yake.

“Baba,” ya ce, muryarsa ta fito kamar ta wani, “akwai katifa a wajena.”

Dattijon bai juyo ba. “Hawa na nawa?”

“Na shida. Babu asanser mai kai mutum sama, sai matakala.”

Baba Isam ya dubi gwiwoyinsa, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya miƙa wa Sada butar.

“Riƙe wannan tukuna. Mu je in ga matakalar.”