Ciwon Kan Mma Shetu

Mma Shetu ta baro Kumasi tana amarya, ta zauna a unguwar Ladywood can ƙasar Turawa har ta ga jikoki, amma Turancinta bai wuce na kasuwa da na bas ba. Da ciwon kai ya matsa mata, 'yarta Zuweira ta kai ta wurin GP, likitar unguwa. Likitar ta taɓa mata tsakanin ido da kunne, ta ce ciwon daga temple yake tasowa.

Mma Shetu ta san kalmar sarai. Akwai wani gidan ibadar 'yan Indiya da bas ɗinta ke wucewa, haka ake kiransa. Ta ja mayafi ta miƙe.

"Ni? Zuweira, gaya mata hajjina biyu. Ƙafata ba ta taɓa taka temple ba!"

Zuweira ta yi bayani har ta gaji, tsohuwa ta ƙi. Sai Zuweira ta kira Ja'afar, Bakanon da ke neman aurenta, yana karatun harsuna a jami'a a Manchester. Ran Asabar ya baro unguwarsu Hulme da coach, babbar motar fasinja, ya sha babbar riga, ya durƙusa ya kwashi gaisuwa.

"Mma, kalmomi biyu ne suka yi kama. Ɗaya daga templum na Latin, wurin ibada. Taki kuwa daga tempora, gefen kai. Ta Faransanci ta biyo, sai suka haɗu."

"Suka haɗu a kaina?"

"A'a Mma, a baki."

"To, bakin wa?"

Ja'afar ya share zufa, ya koma kan Rumawa masu harshen Latin. Ya yi nisa da bayani lokacin da Mma Shetu ta cire tabarau ta dafe kai. Nan Zuweira ta ga sawun da sandunan tabarau suka bari, sun nutse a fata.

Su uku suka nufi shagon tabarau. Mai shagon ya jujjuya tabarau ɗin, ya nuna sandunan da suka matse, ya ce, "The temples are too tight."

Ashe sandunan ma sunansu ke nan. Ja'afar ya buɗe baki, idonsa na ƙyalli.

"Ɗana," in ji Mma Shetu, "don girman Allah."

Ya rufe. Aka sassauta tabarau, ta saka, ta ji wasai. A hanyar gida ta tambayi Ja'afar ko yana cin wake da shinkafa da yaji, ko shi ma sai ya ji asalinsa.

Ya ci faranti biyu, coach ɗin yamma ya tafi ya bar shi.